Ranar da ƙararrawa ta yi shiru a Akron: nazarin ɗaukewar wutar Amurka da Kanada ta 2003

Ranar Alhamis 14 ga Agustan 2003, jim kaɗan bayan ƙarfe 4 na yamma, wutar lantarki ta ɗauke wa mutum kusan miliyan 50 a jihohi takwas na Amurka da lardin Ontario na Kanada. Cikin 'yan mintoci aka rasa megawat 61,800, wato fiye da ninki goma na abin da babban layin wutar Najeriya ke ɗauka a ranar da ya fi lafiya. Jiragen ƙarƙashin ƙasa suka tsaya cak a Niyok da Toronto, injinan tura ruwan famfo suka mutu a Cleveland da Detroit, wasu wurare sai da suka kwana huɗu kafin su ga wuta, Ontario kuwa ta haura mako tana rabon wuta bi da bi. An ƙiyasta asarar Amurka kaɗai tsakanin dala biliyan 4 zuwa 10.

Masu ba da labarin a gurguje sukan ce bishiya ce ta taɓa waya a jihar Ohayo. Haka ne, bishiyoyi sun taɓa wayoyi, ba ma sau ɗaya ba. Sai dai bishiya na taɓa waya kowace shekara a kowace ƙasa, ba a kuma jefa mutum miliyan 50 cikin duhu. Kwamitin binciken da gwamnatocin biyu suka kafa ya fitar da rahotonsa a Afrilun 2004, kuma duk wanda ya bi shi a tsanake zai ga inda gizo ke saƙar: mutanen da akalar layin ke hannunsu sun yi kusan awa ɗaya da rabi suna aiki ba su san ƙararrawarsu ta mutu ba, alhali a cikin kamfanin nan nasu akwai waɗanda suka san kwamfutar ta samu matsala.

Shi ya sa nake ɗaukar wannan lamari a matsayin darasin zanen ginin ma'aikata kafin ya zama darasin injiniyan wuta. Masu wannan sana'a aikinsu shi ne su zana yadda kamfani yake a haɗe: ayyukan da dole a yi, bayanan da kowane aiki ke ci, manhajojin da ke sarrafa bayanan, injinan da manhajojin ke zaune a kai, da mutanen da ke da alhakin kowane ɗaya. Abin da ya fi akwatunan zanen muhimmanci shi ne layukan da ke tsakaninsu. In wannan ya tsaya, wa zai makance? Wa zai fara sani? Wa ya wajaba ya gaya wa wa? A kamfanin wuta tambayoyin sun fi zafi, domin gida ɗaya ne mai dangi biyu: masu tuƙa layin wuta, da 'yan kwamfuta masu kula da kayan aikinsu. Kowane ɓangare da shugabansa, da yarensa, da abin da yake kira "lafiya lau".

Ɗakin kula na FirstEnergy

Kamfanin FirstEnergy, mai hedikwata a birnin Akron na jihar Ohayo, shi ke riƙe da manyan layukan da ke ciyar da Cleveland da kewayenta. A ɗakin kularsa, tsarin SCADA, wato na'urorin sa ido kan tashoshi da sarrafa su daga nesa, na kwaso ma'aunai daga tashoshi kowane 'yan daƙiƙoƙi: ƙarfin wuta nawa ne, nauyi nawa kowane layi ya ɗauka, wace bireka (makunnin da ke yanke layi ko haɗa shi) ce a buɗe, wacce ce a rufe. Bayanan na shiga babban tsarin sarrafa makamashi mai suna XA/21, ƙirar kamfanin General Electric. Ba ɗan Adam da zai iya zuba wa dubban ma'aunai ido a lokaci guda, don haka aka ɗora nauyin a kan manhajar ƙararrawa: da zarar bireka ta buɗe ko layi ya wuce kima, sai ta yi ƙara ta kuma rubuta saƙo a allo. Ɗakunan kula da yawa suna da katafariyar taswira a bango wadda ke nuna halin layuka ta wata hanya dabam. Wannan ɗakin ba shi da ita. Ƙofa ɗaya ce labari mara daɗi ke shigowa ta cikinta.

Yinin an yi zafi, na'urorin sanyaya ɗaki na ta jan wuta, tashar nukiliya ta Davis-Besse kuma tana rufe. Da ƙarfe 1:31 na rana injin na 5 a tashar Eastlake ya faɗi da kusan megawat 600, abin da ya sa yankin Cleveland ya ƙara dogara da wutar da ake jawowa daga kudu. Duk da haka masu bincike sun gano cewa har zuwa ƙarfe 3:05 layin na cikin halin da za a iya riƙe shi. Babu abin da ya gagara tukuna.

Da ƙarfe 2:14 manhajar ƙararrawa ta cije. Daga baya injiniyoyin General Electric sun shafe makonni suna tona rubutun manhajar kafin su gano sanadin: sassa biyu na manhajar sun kai hannu kan ma'ajin bayani ɗaya a daidai lokaci guda, bayanin ya gurɓace, sai manhajar ta shiga zagaye a wuri ɗaya ba ta gaba ba ta baya. Irin wannan aibi kan yi shekaru a kwance, domin sai abubuwa sun haɗu cikin ƙiftawar ido yake tashi. Ban ga laifin kowa ba a kan cewa manhaja mai girman nan tana da aibi. Babu wadda ba ta da shi. Abin da ya dame ni shi ne salon mutuwarta. Ba ta faɗi ba, ba ta rubuta komai ba, ta dai daina magana. Shirun mai gadin da barci ya sace da shirun gidan da ke lafiya duk ɗaya ne a kunnen wanda ke ɗaki, kuma ba a ajiye kowa ba da zai riƙa leƙa mai gadin.

Ma'aunai kuwa ba su daina shigowa ba. Saƙonnin da ƙararrawa ta kasa tacewa suka yi ta taruwa har ma'ajin ya cika ya batse. Da ƙarfe 2:41 babbar kwamfutar da ke ɗauke da manhajar ta faɗi, aikin ya koma kan kwamfutar ko-ta-kwana kamar yadda aka tsara. A takarda wannan nasara ce: an tanadi ta biyu, ta kuma karɓa. Amma abin da ta karɓa shi ne manhajar a cijenta, da tulin saƙonnin da suka kashe ta farko. Minti 13 ta yi, da ƙarfe 2:54 ita ma ta bi sahu. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: allunan ma'aikata, waɗanda kan sabunta cikin daƙiƙa ɗaya zuwa uku, suka koma ɗaukar har daƙiƙa 59.

A nan ya kamata mai zanen tsari ya tsaya ya yi tunani. Tanadin injin biyu na kare ka ne daga mutuwar inji. In cutar a cikin manhaja take ko a cikin bayanin da ake kwafewa, na biyun tagwayen na farko ne, abin da ya kayar da wancan shi zai kayar da shi. Kamfanoni da yawa har gobe suna nuna wa masu duba aiki kwamfutoci biyu su ce sun yi tanadi, ba a tambaye su ko akwai wata hanya ta dabam, wadda ba ta ratsa manhajar nan ba, da ma'aikaci zai san layi ya fita.

Faɗuwar kwamfutocin ta aika wa 'yan sashen kwamfuta saƙo kai tsaye, suka kuwa tashi tsaye. Suka sake tayar da tsarin ba tare da kashe shi gaba ɗaya ba, da ƙarfe 3:08 suka duba suka ga dukkan manhajoji na nuna suna gudana. A ma'auninsu gyara ya kammala. Ƙararrawa kuwa na nan a cije. Ba su kira ɗakin kula sun ce "kwamfutarku ta faɗi sau biyu, ku duba ko kuna samun ƙararrawa" ba, kuma babu wata ƙa'ida a rubuce da ta wajabta musu yin haka. Ba zan kira wannan sakacin mutum ɗaya ba. An tsara tsarin ne ya sanar da mai gyaran inji, ba a tsara shi ya sanar da mai dogaro da injin ba. Layin nan guda, daga sashen kwamfuta zuwa teburin mai tuƙa wuta, shi ne ba a zana ba.

Wayoyin da aka yi ta bugowa

Labari bai rasa hanyar zuwa ba, ta wayar tarho ya riƙa shigowa. Da ƙarfe 2:32 wani ma'aikacin kamfanin AEP, maƙwabcinsu ta kudu, ya kira yana tambayar layin Star zuwa South Canton da ya fita ya dawo. Na Akron ya duba bai ga ƙararrawa ba, ya ce ba su ga komai ba a wajensu. Da ƙarfe 3:05 layin Harding zuwa Chamberlin mai kilobolt 345 ya taɓa bishiya ya fita, alhali bai ɗauki ko rabin nauyin da aka ƙayyade masa ba; bishiyar ce aka bari ta yi tsawo. Wuta ba ta jiran izini, nauyinsa ya koma kan sauran layuka. Waya in ta ɗau nauyi sai ta yi zafi, in ta yi zafi sai ta miƙe ta sunkuyo, ga shi ranar babu iskar kirki da za ta sanyaya ta. Da ƙarfe 3:32 layin Hanna zuwa Juniper ya sunkuyo kan bishiya, a gaban idon masu sassabe da ke aiki kusa da wurin. Da 3:41 na Star zuwa South Canton ya fita bai dawo ba. Daga nan ƙananan layuka masu kilobolt 138 suka shiga zubewa ɗaya bayan ɗaya.

Duk tsawon lokacin nan ana ta kira: AEP, masu sa ido na yanki, ma'aikatan tashar nukiliya ta Perry da ke ganin ƙarfin wuta na rawa a injinsu, har da manyan masu amfani da wuta. Kiran na faɗawa tebura dabam-dabam, ba a tara su wuri guda an ga hoton da suke zanawa ba, kuma kowane mai ɗauka yana auna maganar da allon da ya saba gaskatawa. Sai wajen ƙarfe 3:42 ɗakin kula ya shaida wa 'yan kwamfuta cewa ƙararrawa ba ta aiki. Maganin da ya rage shi ne a kashe tsarin ɗungurungum a sake kunna shi, su kuwa masu tuƙa wuta suka ƙi, don ba za su yarda su rasa ɗan ganin da ya rage musu ba a irin wannan hali. Da ni ne a kujerar, ina jin abin da zan zaɓa ke nan. Masu bincike sun lissafa cewa da an yanke kimanin megawat 1,500 a yankin Cleveland da Akron kafin ƙarfe 4:05, da matsalar ta tsaya a gida. Amma wa zai kashe wa babban birni wuta da gangan bisa jita-jitar tarho, allonsa bai nuna masa dalili ba?

Mai sa ido na sama shi ma ido a rufe

An tanadi wani mataki sama da kamfani domin irin wannan rana. FirstEnergy na ƙarƙashin kulawar MISO, hukumar da ke daidaita layukan tsakiyar Amurka daga jihar Indiana, wadda a lokacin sabuwa ce, kayan aikinta ba su gama zama ba. Babban makaminta manhaja ce mai haɗa ma'aunai da taswirar layuka ta fitar da kiyasin halin da ake ciki duk minti biyar. A kan wannan kiyasi wata manhajar ke hawa tana gwada "in layi kaza ya fita, me zai biyo baya?" In taswirar ta saɓa wa zahiri, lissafi ba ya fita.

Da ƙarfe 12:15 lissafin ya ƙi fita, saboda wani layi a Indiana ya fita amma labarinsa bai shiga manhajar kai tsaye ba. Ma'aikaci ya gyara da hannu. Sai dai ya kashe maɓallin da ke sa manhajar gudana da kanta don ya yi gyaran, ya manta bai mayar ba ya tafi cin abinci. Wajen ƙarfe 2:40 aka farga, aka kunna, lissafi ya sake ƙi. Wannan karon sanadin layin Stuart zuwa Atlanta ne a kudancin Ohayo, wanda ya fita tun ƙarfe 2:02. Layin na kamfanin Dayton Power and Light ne, yana ƙarƙashin kulawar wata hukumar, PJM, don haka halinsa ba ya isa manhajar MISO da kansa, ko da yake wutar da ke bin sa tana shafar lissafinta. Sai da aka yi ta buga waya kafin a tabbatar ya fita. Manhajar ta dawo daidai da ƙarfe 4:04.

Mutane kan tsaya kan mai cin abincin nan, ni kuwa ina ganin an zalunce shi. Tsarin da mutum zai kashe maɓalli irin wannan, a yi fiye da awa guda babu abin da ya yi tsuwa, shi ne abin tuhuma. Layin Stuart kuma ya tona wani abu da ya fi girma: an shata iyakar bayanai bisa iyakar hukumomi, wuta kuwa ba ta san iyakar ba. AEP na ƙarƙashin PJM, FirstEnergy na ƙarƙashin MISO, matsalar ta tashi a daidai kan ɗinkin, kuma hukumomin biyu ba su da tsayayyar ƙa'idar yadda za su haɗa hannu in abu ya faɗo tsakaninsu.

Daƙiƙoƙi kaɗan kafin ƙarfe 4:06 layin Sammis zuwa Star ya fita. Shi ba bishiya ya taɓa ba. Na'urar kariyarsa ce ta ga nauyi ya yi yawa ƙarfin wuta ya yi ƙasa, ta ɗauka waya ce ta haɗu, ta yanke. Daga nan abin ya fi ƙarfin hannun mutum. Wuta ta yi ta neman hanyar shiga Cleveland ta Michigan, ta zagaya ta Pennsylvania da Niyok da Ontario, na'urorin kariya na yanke layuka, injina na kashe kansu don tsira. Zuwa ƙarfe 4:13 an gama: injina fiye da 500 a tashoshi sama da 260 sun tsaya. An yi zargin harin intanet a kwanakin farko, bincike bai sami alamarsa ba.

Abin da aka gyara

Kwamitin ya kasa musabbabin gida huɗu: rashin fahimtar raunin layin yankin, rashin sanin halin da ake ciki, rashin sassabe, da gazawar masu sa ido na yanki. Ya ba da shawarwari 46. Mafi nauyinsu ita ce a daina barin ƙa'idojin amincin layi a matsayin ganin dama. Dokar makamashi ta 2005 ta buɗe hanya, aka ba NERC, hukumar kula da amincin layukan wutar Arewacin Amurka, ikon tilastawa, daga Yunin 2007 ƙa'idojin suka zama dole, da tarar da a lokacin kan kai dala miliyan ɗaya a rana kan kowane saɓo. Sassaben bishiya ma ya samu ƙa'idarsa.

Wani abu da ya wahalar da masu binciken kansu ya cancanci a ambata. Da suka tattaro bayanan kamfanoni don su jera abin da ya faru, sai suka tarar agogunan na'urori ba su daidaita ba, ga lamarin da ya gudana cikin daƙiƙoƙi. Sai da aka sha aiki kafin a san wanne ya riga wanne. Daga nan aka matsa a ɗaure na'urorin rikodi da agogon tauraron ɗan Adam, aka kuma bazu da na'urorin da ke auna halin layi sau da yawa a daƙiƙa guda. Ta fuskar bayanai kuma, tun shekarun 1990 cibiyar bincike ta EPRI ta fara aikin samar da fasali guda na siffanta layi da taransifoma da bireka, wanda ya zama ƙa'idojin ƙasa da ƙasa masu lamba IEC 61970 da 61968. Amfaninsa shi ne taswirar kamfani ɗaya ta shiga manhajar wani ba tare da an zauna ana daidaita sunaye da hannu ba. Da shi masu tuƙa layukan Turai ke musayar taswirorinsu yau. Aiki ne mara armashi, ba a yanke masa kintinkiri a biki, kasafinsa ne kuma ake fara zaftarewa.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi ba baƙon durƙushewar babban layi ba ne, kuma tambayar ɗinki ta shafe mu kai tsaye. Daga Osogbo ake tuƙa layin Najeriya, wuta na tafiya Yamai ta Birnin Kebbi, cibiyar daidaita layukan Afirka ta Yamma kuma tana Calavi a Jamhuriyar Benin. Duk sabon layin da ya haɗa ƙasa da ƙasa yana ƙara wurin da wuta ke ratsawa alhali labarinta na hannun wata hukuma. Dalilan faɗuwar layinmu nasu ne dabam, ba na kwatanta su da na Ohayo. Amma a duk kwangilar SCADA da za a sa wa hannu, ina so a ce wani ya tambayi abin da zai faru ranar da ita kanta ta cije, da sunan teburin da za a fara kira.

A Amurka amsar wannan tambaya ta zama doka, ko da yake ta ɗau lokaci. Ƙa'idar NERC mai lamba TOP-010, wadda ta fara aiki a 2018, ta wajabta wa mai tuƙa babban layi ya mallaki abin da ke sa ido kan manhajar ƙararrawa, ya sanar da ma'aikatan ɗakin kula da zarar ta daina aiki. Sanarwar ga mai tuƙa wuta za ta je, ba ga mai gyaran kwamfuta kaɗai ba. Ƙa'idar ta kuma nemi a nuna wa ma'aikaci ingancin bayanan da ke gabansa, a kuma rubuta matakin da zai ɗauka in ingancin ya faɗi. An yi wa masu sa ido na yanki irinta mai lamba IRO-018.